Kacici-kacicin Abinci ga Yara: Na Kaka Za Mu Riƙe, ko Sabo Za Mu Ƙirƙira?

Maman Ummi (Kano):
Assalamu alaikum, iyaye da malamai na wannan zaure. Ina da wata damuwa da nake neman shawararku a kanta, kuma ina roƙon manyanmu su yi haƙuri da tsawon bayanina. A daren Juma'ar da ta wuce an ɗauke wuta a unguwarmu, wayoyin gidan kuma duk babu caji, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na tara yarana uku da na maƙwabciyata biyu, da niyyar in yi musu kacici-kacici irin wanda kakarmu take yi mana bayan an ci tuwon dare. Na buɗe da "ƙulun-ƙulufita", na yi shiru ina jiran a haɗa baki a ce "gauta", amma ko mutum ɗaya bai amsa ba. Da na ce "uku-uku ta gama gari", Ummi, wadda shekararta 11, ta yi dogon tunani, sannan ta ce a-daidaita-sahu, domin ƙafa uku gare shi, kuma babu lungun da bai shiga ba a Kano. Na gaya mata murhu ne, sai ta tambaye ni inda ukun take a jikin murhu. A nan jikina ya yi sanyi, domin na tuna cewa tun da aka haife ta da gas ko risho muke girki, duwatsun murhu kuwa sai ranar biki, kuma ko a ranar yara ba sa leƙa wurin masu tuƙi.

Tambayata ita ce, shin in ci gaba da koya musu na da tare da amsoshinsu su haddace, ko da ba su san abin da ake siffantawa ba, ko kuwa in zauna in ƙirƙiro musu sababbi a kan abincin da suke gani kullum?

Malam Na-Katsina (malamin Hausa):
Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Kafin a kai ga tambayarki, ina so in ce yarinyar nan ba ta faɗi ba. Kacici-kacici gwajin lura ne: ana ɗaukar abin da kowa ya sani, a lulluɓe shi da siffar wani abu dabam, sannan a ga wanda zai yaye lulluɓin. Ummi ta riƙe alamomi biyu da aka ba ta, wato uku da kuma gama gari, ta duba garin da take ciki, ta zaƙulo abin da ya cika su duka biyun. Aikin da ake so ƙwaƙwalwar yaro ta yi ke nan, kuma da a ajina take da na yaba mata kafin in gaya mata amsar magabata.

Sai dai ya kamata mu rarrabe, domin kacici-kacicin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kamo amsarsa ta hanyar siffa, kamar "ɗakin saurayi ba ƙofa", wanda duk yaron da ya taɓa riƙe ƙwai a hannunsa zai iya kaiwa gare shi idan aka ba shi lokaci. Akwai kuma wanda amonsa ne jigonsa, kamar "ƙulun-ƙulufita", wanda kalmominsa ba su da wata ma'ana da ake amfani da ita a zancen yau da kullum, sai dai sautinsu ya kawo wa mai sauraro hoton wani abu ƙarami, mulmulalle. Irin wannan ba a cankarsa, gadonsa ake yi, kuma shi ne mabuɗin wasan kamar yadda "ga ta nan ga ta nanku" take buɗe tatsuniya. Wannan a haddace shi babu laifi. Na siffa kuwa, idan aka haddace shi ba tare da an ga abin ba, ya tashi daga wasa ya koma tilawa.

Hajiya Kaka (Zariya):
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tuna da wannan abu. Shekaruna sun haura 70, jikata ce take rubuta abin da nake faɗa. Malam, ka gafarce ni, ban yarda da kai ba. Uku-uku murhu ne, a Zariya murhu ne, a Kano ma murhu ne, kuma idan aka bar kowane yaro ya kawo tasa amsar a ce ya ci, to wasan ya rasa alƙali, sai gardama ta raba yara kafin barci ya raba su.

Mu a zamaninmu da dare ake yi, bayan an kwashe kwanuka, domin an tsorata mu cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi a kasuwa, wanda daga baya muka gane dabara ce ta hana mu barin aiki. Kuma yawancin abin da ake tambaya yana nan kewaye da mu a zaune. A ce "'yan matan gidanmu kullum wanka", sai ki waiga ki ga moɗa a kan randa. A ce "'yan matan gidanmu masu farin baki", ga taɓare can a jingine da garin da aka daka da yamma a bakinsu. A ce "baba na ɗaka, gemu na waje", ga hayaƙi bai gama fita daga madafi ba. A ce "shirim ba ci ba", mun san baba, mun san yadda ganyenta yake yin kore shar kamar a tsinka a yi miya, alhali rini kawai ake yi da ita. Wanda ya kasa sai ya ce "na ba ki gari". Idan ya ba ki ƙaramin ƙauye kina da ikon ki ƙi karɓa, sai ya ba ki Kano ko Katsina ko Sakkwato, sannan ki faɗi amsa. Da haka muka san sunayen garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba.

Ni a ganina kacici-kacicin bai tsufa ba, yaran aka raba da madafi. Ki kai su su gani.

Baban Sadik (Kaduna):
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ina da tambaya a kan maganarki ta cewa amsa ɗaya ce. Na yi wa ɗana "baba na ɗaka, gemu na waje" a lokacin damina, muna gasa masara, sai ya ɗaga goyon masara da ba a ɓare ba ya nuna mini, ya ce ga baba a cikin ɗakinsa na ganye, ga gemunsa a waje. Na rasa ta inda zan ce masa bai ci ba, domin siffar ta zauna daram, har ma ina ganin gemun masara ya fi hayaƙi kama da gemu. Abin da na yi shi ne na ce masa ya ci rabi, sannan na nemi ya nemo amsa ta biyu, wadda ya samo bayan kwana biyu a wurin mai suya.

Malama 'Yar Maraɗi (Nijar):
Ina gaishe da kowa, musamman Hajiya. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma ina so in ƙara wani abu a kan batun amsa ɗaya, domin ko magabatan ba su taru a kan baki ɗaya ba. "Ja ya faɗo, ja ya ɗauka" na ji shi da amsa biyu tun ina yarinya: wasu suna cewa ɗan giginya ne da Bafillace, wasu kuma suna cewa kanya ce da biri. Kowa da itacen da ya fi yawa a dajinsu ya ba da amsa.

Bayan haka akwai bambancin kalmomi, wanda ya kamata duk mai rubuta wa yara kacici-kacici ya kula da shi. Abin da kuke kira kuɓewa mu guro muke cewa, barkono tonka, gyaɗa gujiya, gero kuma sau da yawa hatsi kawai muke ce masa. Gurjiyarku ta Kano ita ce ƙwaruru a wajenmu. Saboda haka idan yaron Maraɗi ko na Sakkwato ya amsa da "gujiya", Bakano yana iya ɗauka ya faɗi, alhali abu ɗaya suke nufi. Ni na mayar da wannan wani ɓangare na wasan: wanda ya ci kacici-kacici, idan ya iya faɗin sunan abin a karin harshen wani yanki, sai a ƙara masa maki.

Malamin Gona (Samaru):
Da izinin Hajiya, zan shigo da abin da na sani ta fuskar aikina, domin ina ganin yana da alaƙa da tambayar Maman Ummi kai tsaye. Da yawa daga abincin da muke ɗauka na kaka da kakanni baƙi ne a ƙasar Hausa. Masara, barkono, tumatir, rogo, gyaɗa, dankali, gwanda, gwaba da abarba duk asalinsu nahiyar Amurka ne, kuma ba su ƙetaro zuwa wannan ɓangare na duniya ba sai bayan tafiyar Kolombos ta 1492. Harshen ma bai ɓoye baƙuntarsu ba. Gwandar da muke sha a yau gwandar Masar ake ce mata, domin a bambanta ta da gwandar daji da aka sani tun farko, haka kuma muna cewa dankalin Turawa. Mangwaro daga yankin Indiya ya fito. Gyaɗa kuwa, wadda har dala aka yi da buhunanta a Kano, nomanta na sayarwa ya bunƙasa ne bayan da jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911.

'Yan gida na asali su ne irin su gero, wanda aka daɗe ana nomansa a yankin Sahel fiye da shekara 4,000, da dawa, da wake, da gurjiya, da gauta, da itatuwan daji kamar kuka, ɗorawa, ɗinya, kanya, magarya, aduwa da goruba.

Abin da nake so in fitar shi ne, duk wani kacici-kacici ko karin magana da ya ambaci barkono ko masara ko rogo, akwai ranar da yake sabo fil, akwai kuma wata tsohuwa da ta fara ƙirƙira shi a tsakar gidanta saboda ta ga sabon abu ya shigo madafi. Idan haka ne, ƙirƙirar sabo ma gado ne daga cikin abin da suka bar mana, kuma wanda ya tsaya a kan haddar na da kaɗai ya ɗauki rabin gadon ya bar rabi.

Hajiya Kaka (Zariya):
Ɗana, na ji bayaninka kuma na ƙaru, domin ban taɓa sanin barkono baƙo ba ne. Ban hana a ƙirƙira ba. Abin da nake tsoro shi ne a ƙirƙiro maras gishiri, a ɗauko na littafin Turanci a juya shi da Hausa, ya zo da "mene ne ni" a ƙarshe, babu kari babu daɗin faɗa. Namu gajere ne, yana da baba da iya da 'yan matan gidanmu a ciki, kuma harshe yana jin daɗinsa kafin kai ya gane shi. Wanda zai yi sabo ya yi shi a kan wannan ƙirar. Ku kawo in ji.

Baban Sadik (Kaduna):
To Hajiya, ga nawa guda biyu, a duba mini. Na farko: "Ya faɗa kogi fari, ya fito ja." Na biyu: "Amarya mai zane bakwai, mai yaye lulluɓinta sai hawaye."

Malam Na-Katsina (malamin Hausa):
Na biyun albasa ce, kuma ya yi kyau ƙwarai, domin ya haɗa abu biyu da yaro ya sani, wato lulluɓin amarya da kukan da ake yi ranar kai ta, sai dai ya juya kukan ya koma kan mai yayewa. Wannan juyin shi ne gishirin da Hajiya take nema.

Na farkon ina jin ƙosai kake nufi, amma ƙofarsa ta yi faɗi. Fanke ma fari yake faɗawa mai ya fito ja, awara ma haka, doya ma haka. A nan ne nake komawa bayan Hajiya: amsa biyu da yaro ya gano da basirarsa abin yabo ne, amma amsa biyar alama ce ta cewa mai tambaya bai ɗaure kayansa ba. Ina ba da shawarar a ƙara masa alamar da ƙosai kaɗai yake da ita, wato surfen da ake yi wa wake a cire masa bawo kafin a kai niƙa. Sai ya zama: "An tuɓe masa riga, ya faɗa kogi fari, ya fito ja." Yanzu fanke ya fita, domin ba a surfa fulawa a gida, kuma yaron da zai ci wannan sai wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai wanke wake.

Malama 'Yar Maraɗi (Nijar):
Ga nawa, a kan abin da yaran yanzu suka fi sani: "Kitson amarya, ruwan zafi ke tsefe shi." Na gwada shi a aji, kuma wata yarinya ce ta fara ci, domin 'yan mata sun san tsifar kai. Amsar ita ce taliyar Indomie. Akwai kuma na dunƙulen magi: "Ɗan sarki da rigar zinariya, ya tuɓe ya faɗa miya, ba a sake ganinsa ba."

Hajiya Kaka (Zariya):
Na kitson nan ya yi, Malama, ko a zamaninmu da an karɓe shi. Amma kafin ɗan sarkin naki a fara yi wa daddawa nata, domin ita ce uwargida a miya. Yaran da suka san magi ba su san kalwa ba, ba su san daga ɗorawa ake samo ta ba, ba su san kwanakin da ake yi ana dafa ta ana rufe ta kafin ta zama daddawa ba.

Malamin Islamiyya (Gusau):
Assalamu alaikum. Na ga wasu iyaye suna ɗari-ɗari da irin wannan wasa, suna ganin ɓata lokaci ne, don haka nake so in tunatar da wani hadisi da yake cikin Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbansa wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, kuma ta yi kama da Musulmi. Mutane suka shiga lissafa itatuwan daji. Abdullahi ya ce ya faɗo masa a rai cewa dabino ce, amma ya ji kunyar magana saboda shi ne ƙarami a wurin, har sai da aka ba da amsa cewa dabinon ce. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Imam Bukhari ya kawo wannan hadisi a Littafin Ilimi, a babin da yake magana a kan shugaba ya jefa wa mutanensa tambaya domin ya gwada saninsu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙaramin cikinsu ne ya gano amsa, kuma mahaifinsa ya so a ce ya yi magana. Mu da muke yawan cewa yaro ya yi shiru a gaban manya, ga wurin da ya dace a buɗe masa baki.

Jan hankalina guda ɗaya ne. Na ga ana wasu wasannin canki-canka da ake zuba abinci a ƙasa, ko a shafa wa yaro a fuska, ko a zubar da shi bayan an gama. Abinci yana da alfarma, kuma mun taso ana sa mu tsince ƙwayar hatsi idan ta zube. Duk abin da za a yi wasan da shi ya zama za a ci shi ko a mayar da shi tukunya.

Anti Nas (Jos):
Na gode, Malam, kuma maganarka ta kawo ni kan wasan canki-canka, wanda har yanzu ba a tattauna shi sosai ba. Wanda nake yi da yarana shi ne na ƙamshi. Ina ƙulla kayan yaji kaɗan-kaɗan a tsumma mai tsabta, citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa da daddawa, yaro ya rufe ido ya sansana ya faɗi suna, bayan an gama kuma komai ya koma gwangwaninsa. Akwai kuma na taɓawa, inda ake sa hannu cikin jaka a laluba a bambance gero da dawa, ko wake da gurjiya, ko goruba da ɗan kuka. Abin mamaki ne yadda yaron birni mai shekara 10 yake kasa rarrabe gero da dawa, alhali kunun ɗaya da tuwon ɗayan yake ci.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya ina roƙon a kiyaye abu biyu. Kada a sa garin barkono a wasan ƙamshi, domin yana shiga ido da hanci, kuma yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Sannan wasan nan da ake dunƙule gyaɗa ko aya a hannu a ce yaro ya canki hannun da take ko yawanta, kada a yi shi da 'yan ƙasa da shekara 5, domin suna jefawa a baki suna dariya, ƙwayar kuma tana iya bin hanyar numfashi, wasu ma hanci ko kunne suke turawa. Ga ƙanana a yi amfani da babban abu kamar lemo ko ayaba.

Malamar Firamare (wani ƙauye a Jigawa):
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna. Yaran da nake koyarwa ba su da matsalar Ummi. Sun san murhu, sun san moɗa, su ne ma suke yin dakan, kuma idan aka ce "uku-uku" kafin a rufe baki sun amsa. Matsalarsu ita ce da yawansu ba su karya kumallo suke zuwa makaranta ba, musamman a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi kuma bai nuna ba. Wata rana na shirya darasi da kacici-kacicin tsire da kilishi da alkaki, ina ganin zai faranta musu rai, sai na lura ajin ya yi tsit, wani yaro yana haɗiyar yawu yana kallon ƙasa. Tun daga ranar ban ƙara siffanta wa yaro abincin da ba zai samu ba kafin tashi.

Magabata sun san da wannan, shi ya sa a cikin kacici-kacicin nasu akwai "tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba", wato yunwa, kuma ba a banza ake yin wasan bayan cin tuwon dare ba. Yanzu nakan yi nawa ne a kan abin da yake hannunsu, kamar magarya, aduwa, zogale da rama, ko kuma in bari sai ranar da na iya sayen rake ko gyaɗa, wanda ya ci ya fara zaɓa, amma kowa ya samu.

Maman Ummi (Kano):
Malama, wallahi maganarki ta taɓa ni, kuma ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. 'Ya'yan maƙwabciyata da suke zuwa ban san me suka ci kafin su shigo ba. Daga yau sai an ci abinci tare sannan a fara.

Ɗan Zango (Kumasi):
Ina gaishe da iyayenmu na arewa. Mu a zango damuwarmu ta ɗan bambanta, domin yaranmu suna tashi da Hausa da Tuwi da Turanci a baki ɗaya, kuma kalmomin madafi su ne suke fara zubewa. Abin da na ga yana taimaka mini shi ne nuna musu cewa akwai abincin da Gana duka take ci, kuma da sunan Hausa take kiransa. Shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi har su yi ja, wadda ake kira waakye, daga kalmar wake sunanta ya fito. Tuo zaafi tuwon zafi ne, ga kuma koko da ƙosai da ake karyawa da su kowace safiya. Na yi musu wannan: "Biyu suka shiga wanka da farar riga, kara ya rina musu." Sun ci shi nan take, domin kowa ya taɓa tsayawa a layin mai waakye. Na Hajiya na moɗa da taɓarya kuwa na kwafe su, zan kai wa mahaifiyata, domin na tabbata ta san su.

Malamin Gona (Samaru):
Ina da ƙari a kan al'adar ba da gari da Hajiya ta ambata. A gidana na sa sharaɗi cewa wanda aka ba gari ba zai faɗi amsa ba sai ya faɗi abin da zai ci ko zai sayo a garin. Idan aka ba shi Aliero ko Galmi ya ce albasa, Argungu ko Baga ya ce kifi, Kura ya ce shinkafa da tumatir, Jos ya ce dankalin Turawa, Kachiya ya ce citta, Difa ya ce tattasai, Bilma ya ce gishiri da dabino. Idan bai sani ba, garin ya koma hannun mai shi. Yaran da kansu suke bin mahaifiyarsu suna tambayar daga ina kaza yake zuwa, domin kada a ƙwace musu gari da dare.

Maman Ummi (Kano):
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan mako guda. Ranar Asabar na nemo duwatsu uku na kafa a bayan gida, na hura itace, muka tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, Ummi ce ta riƙa iza wuta. Ban ce mata komai ba, ita da kanta ta tsaya ta ƙirga duwatsun ta kalle ni. Ta kuma ga hayaƙi yana bin saman katanga, ta ce ga gemun baba. Har yanzu dai tana nan a kan cewa a-daidaita-sahu ma ya cancanta, na kuma bar ta da rabin makinta kamar yadda Baban Sadik ya yi. Da dare ta ce ita ma ta ƙirƙiro nata, ta hana ni faɗin amsa, ta ce in kawo wa zaure: "'Yar gidanmu kullum tana cikin tuwo, kullum tana rame."

Baban Sadik (Kaduna):
Ina jin mara ce, wadda ake kwasar tuwo da ita. Idan ba ita ba ce, na ba ta Kaduna.

Hajiya Kaka (Zariya):
Riƙe garinka, ɗana, mara ai faɗi gare ta, ba a ce mata ramammiya. Muciya ce. 'Yata, ki gaya wa Ummi na ce ta iya, kuma ta sa "'yar gidanmu" a inda ya dace. Amma ki gaya mata uku-uku murhu ne. Idan an yi hutun makaranta ki turo mini ita Zariya ta yi mako biyu, akwai turmi da dutsen niƙa da randa da moɗa a gidana, kuma akwai sauran kacici-kacicin da ba zan faɗa mata ba sai ta riƙe taɓarya da hannunta.